Ciwon da Ya Sa Na Sassauta Kunyar Ɗan Fari

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Haka na taso na tarar, haka mahaifiyata ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah. Da na haifi nawa a shekarar 2005, a nan Funtuwa, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban yi masa wasa ba, da aka yaye shi kuwa sai ya koma ɗakin kakarsa, surukata, wadda duk gidan muke kira Inna. In zan aike shi sai in ce "kai", in ana maganarsa in ce "yaron nan". A wannan rubutun ma ba zan kama sunansa ba, don rufin asiri, kuma don har yau bakina bai saba ba. Ya san zan ba da labarinsa, shi ya ce in bayar.

Ni malamar firamare ce. Babansa ɗan kasuwar hatsi ne, yau yana Dandume gobe yana Bakori. Yaron ya tashi mai surutu da son ƙwallo, da kiwon tantabaru a bayan ɗakin Inna. Da ya gama firamare aka kai shi makarantar kwana, kamar yadda aka kai babansa a zamaninsa.

Shekarar 2020 ta zo da korona, aka rufe makarantu tun watan Maris, yara suka yi wata da watanni a gida. Ba su daɗe da komawa ba sai ga abin da ya faru a Ƙanƙara, daren Juma'a 11 ga Disamba, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya. Ba a can yaron nan yake ba. Amma labari ya riga ya cika kowace makarantar kwana, kuma a tasu, cikin dare, wani ya ji ƙarar babura ya kwarara ihu wai ga su nan. Yara suka tsallake katanga, kowa ya kama gabansa. Shi da wasu suka kwana a kwance cikin karan dawa, cikin sanyin hunturu, ba mai iya ko tari. Da gari ya waye aka gane ashe 'yan sintiri ne ke zagaye. Gwamnatin Katsina ta ba da umarnin rufe makarantun kwana, ya dawo gida da tsagar ƙafa da riga ɗaya. Muka yi hamdala, ƙannensa suka yi ta yi masa dariyar gudu, aka ɗaure ƙafar, muka ɗauka magana ta ƙare.

Inna ce ta fara gani, tunda a ɗakinta yake kwana. Ta ce in babur ya wuce da dare sai ya zabura ya zauna, gumi na keto masa, yana dafe da ƙirji yana cewa numfashinsa zai ɗauke. Wani lokacin ba babur ba komai, yana zaune da rana tsaka sai gabansa ya yanke ya faɗi, hannunsa ya hau rawa, ya ce mutuwa zai yi. Bayan minti goma ko ashirin abin ya sake shi, ya bar shi a galabaice. Sai ga satar ɗalibai a Kagara a watan Fabrairun 2021, kafin wata ya ƙare sai ga ta Jangebe. Duk wanda aka ba da labarinsa a rediyo, a jikin yaron nan muke ganin sa.

Daga nan abin ya sake kama. Ya daina fita ƙwallo. Tantabarun da ba ya yarda kowa ya taɓa suka watse, bai ko tambaya ba. Abinci sai an yi da gaske, wandonsa ya fara zamewa. Ya kwana ido biyu, ya wuni kwance fuska a bango. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne faɗa: yaron da bai iya ɗaga murya ba ya zama ko ƙaninsa ya taka masa takalmi sai ya hau shi da duka. Daga baya likita ya ce mana a matasa ciwon damuwa yakan fito ta saurin fushi fiye da ta kuka, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa rashin kunya ko balaga.

Kullum kukansa ciwon kai da ciwon ciki, mu kuma inda yake nunawa nan muke bi. An yi masa allurar maleriya, an ba shi maganin taifot har aka maimaita, wani mai kemis ya ce gyambon ciki ne. Da duk suka ƙi, 'yan uwa suka kasu. Ɓangaren Inna suka ce ya taka wani abu a dajin nan da ya kwana, aka shiga rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Ƙanin babansa kuwa cewa ya yi a bincike shi, yaran yanzu taramol da kodin sun gama da su. Aka zazzage jakarsa da ƙarƙashin katifarsa a gabansa, ba a sami komai ba. Ranar bai ce uffan ba, amma ya fi mako bai haɗa ido da babansa ba. Wasu kuma nasiha suka yi ta yi masa: ka riƙe salla, ka yi tawakkali, me ka rasa a gidan nan? Yana salla. Har azumin shekarar ya yi, yana jan jiki.

Ni duk wannan daga gefe nake kallo. Ina dafa abin da na san yana so in ba ƙanwarsa ta kai masa. Ina tashi cikin dare in yi ta roƙon Allah. Amma in je in zauna kusa da shi in ce me ke damunka, wannan ba ya cikin abin da aka koya mini, kuma da na yi, da matan gida sun sami abin faɗa.

Bayan ƙaramar salla wata rana Inna ta kira ni ɗakinta ta turo ƙofa. Ta ce, "Yau ɗan nan ya gaya mini maganar da ta hana ni cin abinci. Wai da bai zo duniya ba da kowa ya huta." Ta ce ta rufe masa baki ta ce ya yi istigfari. Na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Wanda ya buɗe mana hanya shi ne malamin da ke yi masa ruƙiyya, Allah ya saka masa da alheri. Da babansa ya kai masa wannan magana, sai ya ce, "Alhaji, na yi wa yaron nan karatu iya sanina, ban ga alamar jinnu a tare da shi ba. Addu'a kam ba za mu fasa ba, amma ku kai shi asibiti. Manzon Allah ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Ya kuma tuna masa cewa Annabi Yakubu baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Maganar da da ni na faɗe ta ba za ta wuce zaure ba, da ta fito daga bakin malam sai ta zauna.

Duk da haka sai da aka kai ruwa rana kan wane asibiti. Ƙanena, wanda ya karanta harhaɗa magunguna a Zariya, ya ce a tafi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Jin sunan kaɗai ya tayar da hankalin gida. Kowa ya san yadda ake zolaya, a Kano a ce wane sai Dawanau, a nan a ce sai Barnawa. Babansa ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, kuma yana da ƙanne mata da za a zo nema. A ƙarshe aka shirya cewa za a gaya wa mutane asibitin ciwon kai za a kai shi. Inna ba ta iya doguwar tafiya, babansa yana da kasuwa, don haka ni aka ce in bi su da kawunsa. Tun da aka yaye shi ban taɓa zama kujera ɗaya da shi na tsawon awanni ba sai a motar nan.

Ban ga sarƙa ba, ban ga mari ba. Na ga mutane a zaune suna jiran layi kamar kowane asibiti, da ɗalibai, da 'yan kasuwa, da mata masu goyo, wasu daga Zamfara, wasu daga Neja. Ƙanena ya ce mini likitocin wannan fanni a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, shi ya sa ake tahowa daga nesa.

Likitan ya fara da mu tare, sannan ya ce mu ba shi wuri shi da yaron. Suka daɗe. Da ya sake kiranmu, ya sa aka auna jininsa da zuciyarsa da ƙwayar maƙoshi, don ya ce ƙarancin jini ko matsalar wannan ƙwaya kan kawo kasala da bugun zuciya da za a ɗauka damuwa ce. Duk suka fito lafiya. Ya yi masa wasu tambayoyi tara da ke kan takarda, game da barci, da cin abinci, da jin daɗin abubuwa, da yadda yake ganin kansa cikin mako biyun da suka wuce. Ta ƙarshe ita ce ko yana tunanin gara ya mutu. Da na ji an yi masa wannan tambaya ƙiri-ƙiri sai na ce, "Likita, ba za a sa masa abin a rai ba kuwa?" Ya ce, "Malama, tambaya ba ta dasa wannan tunani. Wanda yake da shi, sauƙi yake ji in ya sami wanda zai tambaye shi bai zage shi ba." Ya ce abin da ke hana yara faɗa shi ne tsoron a ce sun yi saɓo, manya kuma ga tsoron hukuma, tunda sashe na 231 na kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, ya mai da yunƙurin kashe kai laifi.

Ya tambayi ko a dangi akwai wanda ya taɓa irin wannan, ko wanda kan yi kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar kuɗi, don ya ce in akwai wannan, maganin da za a bayar daban ne. Muka ce babu. Sai da muka dawo gida na maimaita wa Inna tambayar, ta yi shiru, can ta ce bayan ta haifi baban yaran ta yi kusan shekara ba ta son ganin kowa, tana kuka ba dalili, aka ce mayu ne. Fiye da shekara arba'in ba ta gaya wa kowa ba.

Bayanin likitan shi ne cuta biyu ne suka haɗu, fargaba da ciwon damuwa, kuma sun saba tafiya tare. Ya ce jikin mutum yana da abin da ke faɗakar da shi in haɗari ya zo, kamar karen gadi: zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu. A daren karan dawa karen ya yi aikinsa daidai. Matsalar ita ce tun ranar bai daina haushi ba, ko ɓarawo ko iska. Yaro kuma don gudun abin sai ya daina fita, ya daina haɗuwa da abokai, ya daina duk abin da ke faranta masa rai, daga nan damuwa ta sami wurin zama. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji shida su saba'in, nan take na yi lissafi a raina, na kuma tuna fuskokin waɗanda nake cewa malalata ne.

Ya ce da abin mai sauƙi ne, da zaman tattaunawa kawai zai fara. Amma tunda ya kai ga rama da maganar mutuwa, za a haɗa da ƙwaya. Sunanta fuloksetin. Aka fara da miligiram 10 kowace safiya, daga baya aka kai 20. Ya ja mana kunne a kan abubuwa da dama. Ba ta aiki yau-yau, sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga bambanci sosai. Makonnin farko tana iya kawo tashin zuciya, ciwon kai, ko rashin natsuwa. Kuma a wasu 'yan tsirarun matasa tunanin cutar da kai kan ƙaru a farkon sha ko in an canza adadi, abin da ya sa tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kwalin irin waɗannan magunguna. Saboda haka maganin a hannun babba zai zauna, a ba shi ɗaya ya haɗiye a gaban mutum. Maganin ɓera, da na ƙwari, da na feshin hatsin da babansa ke ajiyewa a zaure, da ragowar ƙwayoyin Inna, duk a kulle su. In ya sake maganar mutuwa ko aka ga ya rikice, kada a jira ranar da aka rubuta, a taho.

Sai ya dube ni ya ce, "Wa zai riƙa zama da shi kullum yana jin yadda ya kwana?" Na ce kakarsa. Ya ce, "Kakarsa ta tsufa, kuma tsoro ya sa tana rufe masa baki. Ke fa?" Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Likita, ɗan fari ne." Likitan Bahaushe ne, ya gane. Ya ce, "Na sani. Ban ce ki kira sunansa a tsakar gida ba. Amma yaron nan ya gaya mini yana ganin shi kaya ne a wuyanku, kuma cikin hujjojinsa akwai cewa mahaifiyarsa ba ta taɓa tambayarsa lafiya ba. Ni na san kunya ce, shi ma da lafiyarsa ya sani. Ciwon ne yake karanta masa ita a matsayin ƙiyayya."

Har muka iso Funtuwa ban yi magana ba. Ba na cikin masu cewa al'adar nan jahilci ce. Tana da ma'anarta: yarinya ce ƙarama ta haihu a gidan surukai, ana koya mata kawaici, ana kuma nuna cewa ɗa na dangi ne duka. A gidan da kaka da gwaggo da baffa suke kewaye da yaro, ba ya rasa mai rungumarsa. Amma an gina ta ne a kan yaro mai lafiya, wanda zai ga tuwon da aka ajiye masa da miya mai nama ya gane saƙon. Nawa ya kai inda ba ya iya ganewa.

Washegari da safe na ɗauki ƙwayar da kofin ruwa na shiga ɗakin Inna. Na miƙa masa, ya sha, na zauna a bakin gado. Na ce, "Ka yi barci?" Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Kaɗan, Umma." Iyakar hirar ranar ke nan. Inna ta juya mana baya tana jan carbi, ba ta ce komai ba, kuma ba ta taɓa cewa ba. Matar ƙanin mijina ce dai ta yi habaici wai yanzu boko ya sa har 'yan fari ana lallashi. Na bar ta da bakinta.

Babansa bai yarda da ƙwayar ba da farko. Yana ganin irin masu sa mutum ya zama sakarai ne, ko a kamu da ita a kasa bari. Ƙanena ne ya zaunar da shi. Ya ce wannan ba ta sa maye, ba irin su Valium ba ce da jiki ke sabawa da su yana neman ƙari. Ya ba shi labarin wani bincike da aka fitar a Amurka a 2004, a kan matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17 da ke da ciwon damuwa. Bayan mako 12, cikin waɗanda aka haɗa wa wannan ƙwaya da zaman tattaunawa kashi 71 cikin ɗari sun sami sauƙi sosai, masu ƙwaya kaɗai kashi 61, masu tattaunawa kaɗai kashi 43, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 35. Ɗan kasuwa ne, lissafi ya fi shigarsa fiye da lallashi. Ya ce to a haɗa biyun, ko nawa ne kuɗin mota.

Zaman tattaunawar wata ma'aikaciya ce ke yi, wadda ta karanci halayyar ɗan Adam. Da na ɗauka nasiha za ta yi masa irin wadda ya gaji da ji. Ashe aiki ne da littafi da biro. Ta sa ya raba shafi gida uku: abin da ya faru, abin da zuciyarsa ta raya masa, da abin da hujja ta nuna. Babur ya wuce da dare. Zuciya ta ce sun zo. Hujja ta ce maƙwabcinmu mai shayi kullum war haka yake tashi daga teburinsa. Abin da ya burge ni, ba ta taɓa ce masa babu haɗari ba. Ta san inda muke zaune, ta san ana satar mutane a yankinmu da gaske. Cewa ta yi ya koyi raba tsoron da ke da amfani, wanda ke hana mutum bin hanyar daji da magariba, da wanda ke hana shi zuwa masallacin ƙofar gida. Ta koya masa jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali in abin ya taso, da sanin cewa bugun zuciyar nan ba ya kisa, yana kaiwa ƙololuwa ya sauka da kansa.

Sannan ta tsara masa tunkarar abin da yake gudu, mataki-mataki. Ya fara da zama a zaure bayan magariba tare da babansa. Sai sallar isha'i a masallaci. Sai aike zuwa bakin titi da dare. Kowanne sai ya maimaita har gabansa ya daina faɗuwa kafin a wuce gaba. Game da kwanciyar nan kuwa, ta ce kada ya jira sai ya ji sha'awa kafin ya yi abu, ya yi abin tukuna, sha'awa za ta biyo baya. Aka sa masa lokacin tashi da na kwanciya, aka raba shi da waya da dare, don ashe bidiyon hare-hare yake ta kallo a WhatsApp har asuba. Babansa ya sayo tantabaru guda biyu ya ajiye bai ce komai ba. Mu ma ta ba mu namu aikin: a daina cewa ya daure shi namiji ne, a daina yi masa abin da zai iya yi da kansa don tausayi.

Makon farko da na biyu sai ma ya ce ya fi jin jiki, ga tashin zuciya ga hamma. Inna ta ce a bari. Muka daure. Wajen mako na biyar ƙanwarsa ta zo ta ce mini Yaya ya cinye tuwonsa har ya ce a ƙaro. Barci ya fara dawowa. Fara'a ce ta zo a ƙarshe. Hirarmu ta safe ta tashi daga kalma biyu zuwa minti goma, har ranar da ya ba ni labarin daren karan dawa tun daga farko, da yadda wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya ya riƙe masa riga yana kuka, shi kuma ya fizge ya gudu. Yaron bai sami ko ƙwarzane ba, amma wata shida ɗana yana ɗauke da wannan yana ganin shi mugu ne. Bai gaya wa likita ba, bai gaya wa Inna ba.

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Katsina saboda matsalar tsaro, har da tamu. Hanya ta yi muni, ranar komawa asibiti ta wuce, magani ya ƙare, ba halin kiran kowa. Yaron kuma ya ce ai ya warke, babansa ya goyi bayansa. Makonni suka wuce lafiya lau, kowa ya ce ka gani. Ashe wannan ƙwaya tana daɗewa a jiki kafin ta fita, ciwon kuma ba rana ɗaya yake dawowa ba. Kafin ƙarshen shekara sai ga kwanciya ta dawo, ga faɗa. Wannan karon shi da kansa ya same ni a kicin ya ce, "Umma, abin nan yana dawowa." Da muka koma, likita bai yi faɗa ba. Ya ce ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi sarai, tunda kuma ya dawo, shi zai fi haka, kuma in lokacin bari ya yi, a hankali ake ragewa. Ya rubuta mana na watanni, ya kuma haɗa mu da wani likita mafi kusa don kada hanya ta sake yanke mu.

Da azumin 2022 ya zo aka mai da shan maganin lokacin sahur, ya yi azuminsa cikakke. Makarantar kwana dai bai koma ba, ta jeka-ka-dawo aka sa shi, ya maimaita aji. Ya rubuta jarrabawar gama sakandare a 2023, shekarar da aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A shekarar ne kuma likita ya janye masa maganin sannu a hankali. Yanzu yana karatu a gaba da sakandare. Ba zan ce abin ya tafi ba ya waiwaye ba: lokacin jarrabawa, ko in an kai hari kusa, barcinsa kan lalace. Yana da takarda da suka rubuta da ma'aikaciyar nan, mai ɗauke da alamominsa na farko da wanda zai kira in ya gan su. Suna na farko a takardar nawa ne, na biyu na kawunsa.

A makaranta na aika iyaye uku ko huɗu asibiti da 'ya'yansu. Wasu sun je, wani uba kuwa ya ce in tsaya a kan koyar da lissafi. Malamin ruƙiyyar nan ma na ji yanzu in aka kawo masa yaro yakan tambayi barcinsa da cin abincinsa kafin ya fara karatu.

Abin da muke ja a kai yanzu ni da babansa shi ne maganar aure, ko da yake da saura. Shi yana ganin in lokaci ya yi ba sai an gaya wa dangin yarinya ba, tunda ya wuce, kuma mutanenmu da sun ji Barnawa sun fasa. Ni ina ganin ita yarinyar dai dole ta sani, don ita za ta kwana ta tashi da shi, ita za ta fara ganin ranar da barci ya ƙi. Inna ta rasu bara, da ita za ta raba mu. Da na tambayi mai maganar, cewa ya yi shi zai faɗa da bakinsa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, wadda ta ji ta tsaya ita yake so. Babansa ya ce yaro man kaza, har yanzu dai ba mu daidaita ba.